Yadda Ake Tayar da Tsohon Injin Jirgin Ruwa da Nemo Masa Kayan da Suka Ɓace

Duk garin da ke bakin ruwa, daga Yauri zuwa Lokoja, daga Baga zuwa Gaya ta Nijar, ba ka rasa tsohon injin jirgi jingine a zaure ko a bayan shagon makanike, an lulluɓe shi da buhu, an zare masa kabureta an sa wa wani, farfelarsa ta tafi aro ba ta dawo ba. In ka tambaya a ce maka ya mutu. Sau da yawa bai mutu ba, an dai gaji da shi ne bayan an yi ta saya masa kayan da ba su ne matsalarsa ba. Bayanin nan ya shafi injin da ake rataya a bayan jirgi, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, wanda makanikai ke kira tu-sitirok, daga mai ƙarfin doki 8 zuwa 40: Yamaha Enduro, Suzuki DT, Mariner, Tohatsu, da tsofaffin Johnson da Evinrude. Tsarin aikin shi ne ka fara da gwajin da ba ya cin kuɗi, kada ka sayi ko da fulogi sai injin ya nuna maka cewa ya cancanci a kashe masa.

Fara da lambar jikinsa

Kafin ka ɗauki sifana, nemi ɗan farantin da aka manna a jikin maƙalin da ke riƙe injin da katakon bayan jirgi. A nan aka buga samfuri da lambar injin. Goge shi da tsumma da kananzir, kada ka sa sanfefa domin rubutun zai tafi. Ɗauki hotonsa da waya, ka kuma rubuta a takarda. Duk neman kayan da za ka yi nan gaba a kan wannan lamba ya rataya, domin "Yamaha fotin" ba suna ɗaya ba ne: akwai tsohon mai doki 40 da kayansa ke farawa da 6F5 ko 6F6, akwai E40X na baya-bayan nan da kayansa ke farawa da 66T, kuma abubuwa da yawa na ɗaya ba sa shiga ɗayan. Haka mai doki 15: akwai na 63V, akwai na 6B4. In ka ga harafin K a sunan, kamar EK40, to mai kananzir ne, yana tashi da fetur sannan ya koma kananzir, kuma kaburetarsa daban take.

A Johnson da Evinrude da aka ƙera daga 1980, shekarar tana ɓoye cikin haruffa biyu kusa da ƙarshen lambar samfurin. Kamfanin ya ɗauki kalmar INTRODUCES ya ba kowane harafi lamba: I shi ne 1, N 2, T 3, R 4, O 5, D 6, U 7, C 8, E 9, S kuma 0. Saboda haka CE na nufin 1989, ET na nufin 1993. In farantin ya ɓace, duba kan gangar injin, sau da yawa akwai wani ɗan ƙarfe zagayayye kamar kwabo da aka buga lambar a kai.

Ka kuma auna tsawon ƙafar injin, wato sashen ƙasa mai ɗauke da giya da farfela. Gajeriya ta jirgin da katakon bayansa ya kai inci 15 ce, doguwa ta inci 20. Mutane kan sayo ƙafar kwance, wato wadda aka ciro daga wani injin, su dawo gida su tarar sandar cikinta ba ta kai ba.

Gwaji huɗu kafin ka kashe ko sisi

Rataya injin a tsaye a kan katako mai ƙarfi, kada ka yi aiki da shi kwance a ƙasa. Cire murfi, ka ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, musamman inda wayoyi suka bi da yadda sandunan totur da na giya suka haɗu. Bayan sati uku ba za ka tuna ba.

Na farko, yana juyawa? Cire fulogi, sa giya a furi, ka juya fulawil, wato faifan ƙarfen da ke saman inji, da hannu ta hannun agogo. In ya ƙi, kada ka yanke hukunci cewa fistan ne ya kama. Sau da yawa giyar ƙasa ce ta cije. Kwance ƙafar, ka sake gwadawa. In har yanzu ya ƙi, kwantar da injin yadda ramukan fulogi za su kalli sama, ka zuba kananzir gauraye da man giyar mota mai otomatik, ka bar shi kwanaki, kullum kana ɗan jijjiga fulawil gaba da baya. Kada ka sa dogon ƙarfe a kan notin fulawil ka danna da ƙarfi. Abin da za ka samu shi ne karyayyen zoben fistan ko lanƙwasasshen konrod, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, alhali haƙuri zai iya kwance shi lafiya.

Na biyu, matsin silinda. Ari ma'aunin kamfareshan wurin makanike, ka ɗaura a ramin fulogi, ka buɗe totur gaba ɗaya, ka ja igiya sau huɗu ko biyar da ƙarfi. Irin waɗannan injina in suna da lafiya sukan haura 100 a ma'aunin psi. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne silindojin biyu su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ya ba da 120 ɗaya 70, akwai magana a ciki, kuma babu wankin kaburetar da zai gyara ta.

Na uku, wuta. Sa fulogi a hularsa, ka jingina jikinsa da ƙarfen injin, ka ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara ake nema, ba ja mai rauni ba. In babu wuta ko kaɗan, fara cire wayar makunnin kashewa, domin shi ne ke yawan lalacewa ya riƙa kashe wutar. A Yamaha farar waya ce, a Johnson da Evinrude baƙa mai ratsin rawaya. A injin mai akwatin CDI, wato akwatin lantarki da ke sarrafa wutar fulogi, kada ka ja igiya alhali wayar fulogi na reto ba ta taɓa komai ba, akwatin na iya ƙonewa.

Na huɗu, man giya. Kwance ƙaramin notin ƙasa a ƙafar ka ga abin da zai fito. Baƙin mai tsoho ba laifi. In ya fito fari-fari kamar an dama da nono, ruwa na shiga, sil, wato robar da ke tare ruwa da mai, ya mutu. In ruwa zalla ya fito da tsatsa, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe masu kauri, to haƙoran giya ko boris sun tafi.

Yanzu ka zauna ka yi lissafi. Injin da ke juyawa, matsinsa daidai, gangarsa ba ta tsage ba, a gyara shi ko da rabin kayansa na waje sun ɓace, domin kayan waje ana samu. Wanda silindarsa ta karce amma karanshaf ɗinsa lafiya, shi ma ana tayar da shi. Wanda ya nutse aka bar shi da ruwa a ciki har karanshaf ya yi tsatsa, sannan giyarsa ta farfashe, a ganina a bar shi ya zama na ciro kaya. Kuɗin da zai ci zai sayi wani na hannu mai aiki.

Kwancewa

Tanadi gwangwanaye ko ledoji, kowane sashe da nasa, ka rubuta suna. Notocin da tsawonsu ya bambanta, huda kwali ka soka kowanne a gurbin da ya yi daidai da inda ya fito.

Babbar wahalar tsohon inji ita ce notin ƙarfe da ya shekara cikin alminiyom ya kama. Wanda ya yi aiki a ruwan gishiri, wajen Legas ko Warri ko Fatakwal, ya fi muni. Zuba masa man kwance tsatsa, ka ɗan bubbuga kansa da guduma, ka gasa alminiyom ɗin da ke kewaye da shi da wuta kaɗan, sannan ka gwada: kwata gaba, kwata baya. In ka ji ya fara laushi kamar zai murɗe, tsaya, ka sake gashi. Kafin ka kusanto da wuta, tabbatar ka cire kabureta da tiyon mai ka nisanta tanki. Wanda ya karye a ciki, kai wa mai injin tana ya huda shi a tsakiya ya sake yanka zare. Hudawa da hannu a karkace ta lalata gangar inji da yawa.

Fulawil ana cire shi da abin ja mai noti uku da ake ɗaurawa a ramukan da ke samansa. Kada ka sa mai ƙugiya da ke kama gefe, kada kuma ka yi ta dukan kan karanshaf da guduma. In ya fito, duba ɗan ƙaramin makullin da ke zaune a tsagar karanshaf. In ya ɗan yanke ko ya goce, lokacin wuta ya kauce ke nan, kuma wannan ɗan ƙarfen kaɗai ya isa ya hana inji tashi.

Cikin ganga

In matsi ya yi kyau, shawarata kada ka buɗe gangar. Cire kan silinda kawai, ka kankare baƙin da ya taru, ka leƙa bangon silinda, ka share hanyoyin ruwa da yashi da laka suka toshe, ka sa sabon gasket. In kan ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi ka riƙa goga shi kana zagayawa kamar kana rubuta lamba 8, har fuskar ta yi haske baki ɗaya.

In matsi ya faɗi, sai an raba ganga. Shafa farce a bangon silinda. Karcen da farce bai kama ba, gogewa kaɗan da sabon zobe sun isa. Wanda farce ya kama, sai an yi bori an sa fistan mai girma, yawanci ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Sayi fistan ɗin tukuna ka kai wa mai bori tare da gangar, domin a kan fistan ake yanka silinda, ba a kan zato ba. Ka tuna masa ya kashe kaifin bakin tagogin da ke cikin silindar, in ba haka ba zobe zai maƙale a nan ya karye.

Kafin ka rufe, tambayi kanka abin da ya karce silindar tun farko. Abu uku ne kusan kullum: ruwan sanyaya ya daina zagayawa, ko an rage baƙin mai a fetur, ko iska na shiga ta mataccen sil ɗin karanshaf ko toshasshiyar kabureta ta sa inji ya yi ta gudu da ƙarancin mai. In ba ka gano wanne ne ba, sabon fistan ma haka zai ƙone. Saboda haka duk wanda ya raba ganga ya canza sil na sama da na ƙasa, ko da sun yi kama da masu lafiya.

Juya kowane boris da yatsa. In ka ji gargada ko ƙara, ko ka ga launin shuɗi na ƙuna, canza shi. Karanshaf iri biyu ne. Na Yamaha masu doki 15 da 40 matse shi aka yi, canza konrod ɗinsa aikin mai injin matsi ne da ya iya daidaitawa. Na Johnson da Evinrude guda ne, konrod ɗin ke rabewa, kuma cikinsa akwai ƙananan allurai. Ƙirga su, kada ka haɗa na wannan da na wancan, kuma kowane murfin konrod ya koma kan nasa ta fuskar da ya fito.

Wajen haɗawa, sa zobe shi kaɗai cikin silinda ka auna tazarar bakinsa da ma'aunin fila ka gwada da abin da littafin injin ya ce. A jikin fistan akwai ɗan tsinke cikin kowace tsaga, bakin zobe a kansa yake zama. Alamar da ke kan fistan, kibiya ko rubutun UP, ta kalli inda littafi ya ce, yawanci wajen fulawil. Shafa wa komai baƙin man tu-sitirok. Tsakanin ɓari biyu na ganga ba a sa gasket, gam na musamman ake shafawa siriri, irin su Loctite 518. Kada ka cika silikon, yana hana ɓarin zama daidai, ragowarsa kuma ta toshe hanyoyi. Ɗaure notoci daga tsakiya zuwa waje, a zagaye biyu, da sifana mai auna ƙarfi. Bayan kowane zagaye juya karanshaf ka ji yana tafiya sumul. Ka kuma ɗaga faifan bawul ɗin da ke bayan kabureta ka haska: siraran ganyayen su kwanta lif, babu tsaga, babu wanda ya ɗaga baki.

Kabureta da wuta

Kafin ka cire sukurun daidaita silo, wato gudun inji in ba a ba shi wuta ba, murɗa shi ciki a hankali har ya zauna kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Haka za ka mayar da shi. Kwance kwanon ƙasa, cire fulot da allurarsa da jet biyu, babba da ƙarami, ka jiƙa ƙarafan a abin wanke kabureta, ka hura iska ta kowane rami har ka ga haske. Kada ka soka waya ko allurar ɗinki cikin jet. Ramin a aune yake, in ya faɗaɗa injin zai yi ta shan mai yana hayaƙi. Girgiza fulot kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Buɗe famfon mai ka duba robar cikinsa, in ta bushe ko ta tsage canza. Tsohon tiyo ma a zubar, tare da roban matsawa, ka lura da kibiyar jikinsa ta kalli inji. A wanke tanki, domin sabuwar kabureta ma ba ta jure tsatsar tsohon tanki.

A injin mai fayint, wato ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don ba fulogi wuta, goge bakinsu ko ka canza tare da kwandensa. A tsofaffin Johnson da Evinrude tazarar fayint inci 0.020 ce, wato kusan rabin milimita, kuma kwayil ɗin na shekarun 1950 da 1960 sun shahara da tsattsagewa, in ka ga tsaga kada ka ɓata lokaci. A mai CDI, auna kwayil ɗaya bayan ɗaya da mita kafin ka zargi akwatin, shi ne mafi tsada kuma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Fulogi ka sa lambar da kamfani ya ce. Yamaha da yawa na wannan aji NGK B7HS suke ɗauka, in kuma ka ga an ƙara 10 a ƙarshen lambar, tazarar bakinsa milimita 1 ke nan.

Ƙafa da famfon ruwa

A nan ne nake so ka fi natsuwa, domin ruwan kogunanmu akwai yashi, kuma yashi ke cinye famfo. Raba sandar giya a mahaɗarta kafin ka saki notocin ƙafa. Za ka ga gidan famfo a kan doguwar sanda. Cikinsa akwai impela, roba mai fukafukai. Tsohon inji ba a tambayar ko impelarsa na da kyau, canzawa ake yi. In fukafukan sun gutsure, nemo guntayen, sukan hau bututun ruwa su toshe can sama. Duba kofin ƙarfen da take juyawa a ciki da farantin ƙasa, in yashi ya yi musu kwari a canza duka. Sa ɗan makullinta, shafa sabulun ruwa, ka riƙa juya sandar ta hannun agogo kana danna gidan a hankali har fukafukan su kwanta ta fuska ɗaya.

Cire farfela ka duba bayanta. Kusan kullum za ka tarar da zaren koma ko na fatsa ya naɗe, shi ke yanka sil ya shigar da ruwa cikin giya. Canza sil na farfela da na ƙarƙashin famfo. In ka buɗe giyar, siraran wasoshin da za ka gani su ke daidaita haɗuwar haƙora, kowanne ya koma gurbinsa. Injin da ke fitar da giya da kansa yana bugawa in an ba shi wuta, ƙugiyar da ke kama giya ce bakinta ya cinye. Bayan ka haɗa, hura iska kaɗan da famfon keke ta ramin mai, kamar psi 10, ka tsoma ƙafar cikin ruwa ka ga ko kumfa zai fito. Man giya mai lamba 90 ake sawa, ta ramin ƙasa, har ya fito ta na sama, sai ka rufe na sama tukuna. Shafa giris a haƙoran kan sanda ta gefe kawai, kada ka ɗora a samanta. Wajen mayar da ƙafa, tabbatar bututun ruwa ya shiga bakin famfo.

Neman kayan da babu

Kada ka je kasuwa da suna, je da lamba da kuma tsohon abin a hannu. A intanet akwai zanen kowane sashe na waɗannan injina, in ka rubuta samfurin za ka ga hoton kayan a warwatse kowanne da lambarsa. Wannan zane shi zai nuna maka abin da ya ɓace wanda ba ka ma san akwai shi ba, kamar ɗan sifirin ko wasa. Lambar kayan Yamaha kashi uku ce: haruffa ukun farko na samfurin da aka fara ƙera abin dominsa, biyar na tsakiya irin kayan, na ƙarshe kuma gyaran da aka yi masa. Misali 63V-44352-01 impela ce ta mai doki 9.9 da 15, kuma duk inda ka ga 44352 a tsakiya impela ce. In an ce lambarka babu, tambayi wadda ta gaje ta, domin kamfanoni kan sauya lamba abin yana nan.

Sanin dangin injinka na buɗe ƙofofi. Ƙananan Mariner da yawa na shekarun 1970 zuwa farkon 1990 Yamaha ce ta ƙera su a Japan, kayan Yamaha na zamaninsu na shiga. Injin Nissan na ruwa Tohatsu ne da wani fenti. Johnson da Evinrude kamfani ɗaya ne, OMC, kayansu na shekara ɗaya da ƙarfi ɗaya kusan duka ɗaya ne. OMC ya durƙushe a 2000, Bombardier na Kanada ya saye sunayen a 2001, sannan BRP, kamfanin da ya fito daga cikinsa, ya daina ƙera Evinrude a 2020, amma kamfanoni irin su Sierra da CDI Electronics na yin kayan maye. Injinan China irin su Parsun da Hidea an kwaikwayi Yamaha masu doki 15 da 40 ne wajen yin su, don haka abubuwa da dama na shiga, sai dai ka gwada da naka kafin ka biya, kuma ingancin ba ɗaya ba ne.

Wurin nema na farko shi ne makanikan bakin ruwa. Kowannensu na da tarin matattun injina, kuma su suka san wanda ke da ƙafar da aka ajiye a wani ƙauye. In kayan da suka ɓace suna da yawa, kamar kabureta da abin jan igiya da murfi da hannun totur, sayen mataccen inji guda irin naka ya fi sayen ɗaiɗai araha, ka fifita wanda ya yi rayuwarsa a ruwan daɗi. Bayan su sai dillalan Legas da Onitsha da Fatakwal, inda aka fi hada-hadar kayan jirgi. Tura musu hoton faranti da na abin, da ma'auni a gefensa, ka nemi su turo hoton nasu kafin ka tura kuɗi. Na Johnson da Evinrude da suka tsufa sosai, sau da yawa sai an yi oda daga Amurka ko Turai ta eBay da makamantansa. In za ka yi, tara duk buƙatunka a oda ɗaya, domin kuɗin aiko ɗan sil kan fi sil ɗin.

Akwai kayan da ba sai na jirgi ba. Boris da yawa na da lamba ta gama-gari a gefensu, masu sayar da boris na mota da injin niƙa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna na da su, sai dai ka lura wasu na karanshaf na da tsaga ko ramin tsinke da na kasuwa ba su da shi. Sil ana sayensa da awo uku: faɗin ciki, faɗin waje, da kauri. Na ƙafa ka nemi mai sifirin da ba ya tsatsa. Gasket na kabureta da na faifan bawul ana yanka su daga takardar gasket, a ɗora a kan ƙarfen a riƙa bubbuga gefe da ƙaramar guduma. Bush, sanda, da ƙananan maƙalai, mai tana zai fitar maka in ka kai samfur. Tsagaggen murfi ko karyayyen fiffiken ƙafa, mai waldar alminiyom zai ɗinke.

Ga inda ba na sassauci. Murfi, fulawil, abin jan igiya, gangar kabureta, hannun totur, farfela, har ƙafa sukutum, duk ana iya sa na kwance. Amma impela, sil, zobe, gasket ɗin kan silinda, robar famfon mai da tiyo, sababbi kawai, kuma na asali in da hali. Jabun impela kan saki ƙarfen tsakiyarta, sanda na juyawa roba na tsaye, inji ya ƙone a tsakiyar kogi da mutane da kaya a ciki. Duba kwalin da rubutunsa, ka gwada nauyi da laushin robar da tsohuwar. A ƙananan injina masu tsinken farfela, kada ka maye shi da ƙusa. An yi tsinken ne don ya karye in farfela ta bugi dutse ko kututture, in ya ƙi karyewa giya ce za ta karye.

Tashin farko

Kada ka taɓa tayar da shi a bushe, ko na daƙiƙu kaɗan, sabuwar impela za ta ƙone nan take. Cika durom da ruwa har ya haura inda famfo yake da kyau. Haɗa mai: yawancin waɗannan injina 50 da 1 suke sha, wato mililita 20 na baƙin mai a kowace lita, rabin lita a lita 25. Amma injin da aka sa wa sabon fistan ko zobe a ninka masa, 25 da 1, na awa 10 na farko. Johnson da Evinrude da aka yi kafin 1964 kuwa 24 da 1 ne abincinsu kullum. Nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikinsa, na injin ruwa ne, ba baƙin man mota ba.

Matsa roban mai har ya yi tauri, ja cok, giya a furi, ja igiya. Da ya tashi, idonka na kan fitsarin injin, wato siririn ruwan da ke fita ta baya. In bai fito ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe. Wani lokaci ramin ne kawai zanzaro ya toshe da laka, soka masa zaren fatsa mai kauri ka sake gwadawa. Ɗora hannu a kan silinda: zafin da za ka iya jurewa na ɗan lokaci daidai ne, wanda ke ƙona hannu nan take ba daidai ba ne. Kada ka yi ta ba shi wuta a furi. Gwada makunnin kashewa da igiyarsa ka tabbatar yana kashewa.

Daidaita silo na ƙarshe a kan jirgi ake yi, inji cikin giya, bayan ya yi ɗumi. Fita gwaji da rana, kusa da gaɓa, ba fasinja, da filafili da rigar ruwa da sifanar fulogi. Minti 10 na farko a silo. Sauran awar kada ka wuce rabin totur. Awa biyu na gaba kana iya kaiwa kashi uku cikin huɗu kana sauya gudu. Daga nan har awa 10 ta cika, in ka buɗe shi duka kada ya wuce minti 5 a jere. In kainuwa ko leda ta rufe mashigar ruwa, fitsarin zai yanke, don haka riƙa waiwaye.

Bayan awa 10, bar shi ya huce ka sake bin notocin kan silinda da ma'auni. Cire fulogi ka duba: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat na nufin mai ya yi kaɗan ko iska na shiga, kada ka ci gaba sai ka gano dalili. Zubar da man giya ka duba ko ya yi fari, ka sa sabo, sannan ka koma haɗin 50 da 1.